Yadda za ka shiga unguwa da maganar namun daji ba a ɗauke ka mara aikin yi ba

Duk wanda ya ce zai yi aikin wayar da kan jama'a akan namun daji a cikin garin Kano toh ya fara shirya wa dariya. Ranar da ka fara cewa mun zo ne akan maganar ungulu a majalisar bakin titi, wani zai ajiye kofin shayinsa ya kalle ka sama da ƙasa ya ce malam mutane ba su ci sun ƙoshi ba kai kuma ta ungulu kake? Kuma fa yana da gaskiyarsa, kar ka ji haushi. In ba ka tanadi amsar wannan tambayar ba gara ka yi zamanka a ofis ka ci gaba da danna waya. Ni na ɗan jima a harkar nan, tun ina ɗan sa-kai ana ba ni kuɗin mota har na zo ni ke jan wasu, shi ne na ce bari in rubuta yadda muke yi ko wani zai amfana, musamman yaran nan da suke gama karatun gandun daji ko na dabbobi a turo su gaban mutane ba wanda ya taɓa nuna musu ta inda ake farawa.

Fitata ta farko abin kunya ce wallahi. Mun ɗauko firojekta da janareta da lasifika, muka kafa a filin wata firamare bayan isha'i, muka saka bidiyon dabbobin ƙasashen ƙanƙara, da Turanci kuma, ni ina tsaye ina ta fassara ina gumi. Yara sun ji daɗi kam, sun ga silima kyauta. Manya kuwa kafin a kai rabi sun zame ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo da ya daure ya zauna har ƙarshe ya kira ni gefe ya ce yaro, wannan farin dabban da ka nuna a wane daji yake a ƙasar nan? Na ce Baba ai babu shi a nan. Ya ce toh mu me za mu yi masa? Na rasa ta cewa. Daga ranar na daina fita da dabbar da mutanen wurin ba su taɓa gani ba.

Saboda haka ka fara da abin da ke kan katangarsu da bishiyar ƙofar gidansu. Mutumin Kano ba ruwansa da giwa a rayuwarsa ta kullum, giwa sai ka je Yankari a Bauchi ko gidan zoo, amma ya san ungulu, ya san mujiya, jemage, bushiya, kunkuru, damo, balbela, shamuwa, ya san maciji ya taɓa shigo masa ɗaki da damina. A nan maganar take. Kuma kar ka je da jawabi, ka je da tambaya. Tambayar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce: Baba yaushe rabonka da ganin ungulu? Gwada ta a gaban duk wanda ya haura shekara 40 ka gani. Zai yi shiru tukunna, sai ka ji ya ce kai, wallahi kuwa an daɗe, da fa a Abbatuwa har ture su ake da ƙafa, kan rufin kasuwa baƙi ƙirin. Shikenan ya buɗe maka ƙofa da kansa, kai yanzu sauraro ne naka, na kusa da shi ma zai karɓe ya ce a garinsu kan tsamiya suke kwana, wani ya ce ai tafiya suka yi, wani ya ce aljanu ne suka kwashe su, ka bar su su gama tas kar ka katse kowa. Mun taso muna jin ungulu ba kya jewar banza, da ungulu ta koma gidanta na tsamiya, yau ga yara suna haddace karin maganar a makaranta ba su taɓa ganin mai ita ba.

Sai sun gama sannan ka ɗora naka, kaɗan, kuma wanda ka tabbatar. Ka ce musu ba a Kano kaɗai ba ne, irin ungulun nan tamu ta cikin gari tun 2015 masana na duniya suka saka ta a layin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Ka faɗi dalili: ana kama ta a sayar da kai da ƙafa da gashi don magani da tsibbu, ana zuba wa mushe guba don a kashe karnuka ko kura ko dila sai ungulaye su sauka su mutu gaba ɗaya a wuri guda, ga manyan bishiyun da suke sheƙa an sare an yi filoti. Sannan ita ƙwai ɗaya tal take yi, ba kamar zabuwa ba, in ka kashe goma ba shekara ɗaya za a mayar da su ba. Toh ina ruwan talaka? Ruwansa shi ne ita ce mai shara da ba a biya, tana cinye mushe kafin ya ruɓe ya tara ƙuda da karnuka, kuma cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Ka ba su labarin Indiya, a shekarun 1990 ungulayensu suka kusa ƙarewa saboda wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac da ake yi wa shanu, in saniya ta mutu ungulu ta ci sai ƙodarta ta lalace, da suka ɓace karnukan titi suka samu abinci suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya zama abin tsoro, sai a 2006 gwamnatinsu ta hana amfani da maganin ga dabbobi. Da ka ambaci mahaukacin kare za ka ga mai kofin shayin nan ya gyara zama, don kowa a unguwa ya san wani da kare ya taɓa ciza.

Amma kafin ma ka kai ga majalisa akwai ƙofar da ake bi, in ka tsallake ta ka ɓata aikinka da kanka. Unguwa tana da mai ita. Ka fara zuwa wurin mai unguwa, da safe ko bayan la'asar, ka cire takalmi ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ranka ya daɗe mun zo neman izini ne da shawara, ka riƙe takardar cibiyarku mai hatimi da katin shaidarka, ɗan goro ma ba laifi ba ne al'ada ce. In abin babba ne shi zai ce a je wurin dagaci ko hakimi, ka bi shi kar ka yi masa tsallake. Makarantar gwamnati kuma ba a faɗa mata haka kawai, firamare akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, sakandare akwai hukumarsu, ka kai wasiƙa ka karɓi kwafin da aka buga wa sitamfi ka ajiye, in ba haka ba hedimasta zai ce maka shi ba a sanar da shi daga sama ba kuma ba ka da bakin magana. Masu zaman kansu sun fi sauƙi, mai makaranta kawai za ka gani. Wasiƙar nan tana iya yin sati uku a kan tebur, sai ka riƙa leƙawa kana gaisuwa, kar ka nuna ƙosawa.

Malamai kuwa su ne rabin aikin. Abin da za ka yi wata shida kana faɗa, liman zai faɗe shi a minti biyar bayan sallar magariba a ɗauka. Sai dai don Allah kar ka mayar da kanka malami in ba shi ba ne kai, na ga yaro ya tashi yana jawo aya ya karanta ba daidai ba aka gyara masa a bainar jama'a, daga nan ba wanda ya ƙara sauraron zancen tsuntsunsa. Ka je ka samu malam a zaurensa, Allah ya gafarta Malam ga abin da ke tafe da mu, ka bayyana masa matsalar da Hausa mai sauƙi, shi ya fi ka sanin inda hujja take. Ya san aya ta 38 a Suratul An'am da ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu, ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da na tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya Annabi (SAW) ya ce a mayar mata. Kai naka ka tuna masa cewa abin yana faruwa a bayan masallacinsa. In aikin ya kai ka Sabon Gari ko wata unguwar da ke da coci, haka za ka yi da fasto, hanya ɗaya ce.

Yanzu yara, inda ni na fi jin daɗin aikin. Yaron Kano da danko sai Allah, kuma in ka shiga aji ka ce daga yau kar wanda ya ƙara harbin tsuntsu za su amsa da toh malam da ƙarfi, a tashi su wuce gindin darbejiya su ci gaba. Kar ka ƙwace danko, zai yanko wata roba kafin magariba. Abin da muke yi shi ne mu nemo wanda ya fi kowa iya harbi a ajin, ai an san shi, da ka tambaya duk za su nuna shi suna dariya, toh shi za ka naɗa sarkin tsuntsaye. Yaron nan ya san inda kowace sheƙa take a unguwar, ya san kukan kurciya daban da na hasbiya, ya san lokacin da kanari ke zuwa, ilimi ne da shi ba wanda ya taɓa yaba masa sai duka. Ka ba shi littafi ɗan 40 da biro, ka ce duk sati ya rubuto tsuntsayen da ya gani da wurin da ya gan su da guda nawa ne, in kuna da madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne ka bar shi ya leƙa. Ranar da yaro ya fara ganin idon tsuntsu kusa da kusa yana ƙiftawa, jikinsa yakan yi sanyi, ban ce duka suke dainawa ba, amma wanda yake ƙirga abu ba ya son lissafinsa ya ragu, har ka ji yana hana ƙannensa.

Darasi kar ya wuce minti 30, kuma kar ka tsaya kana karanto sunayen dabbobi da Turanci. Ka zo da abin taɓawa: gashin jimina da ya faɗi da kansa, ƙayar beguwa, saɓar maciji, tsohuwar sheƙa da aka bari. Ka sa su yi tatsuniya, su kawo karin magana mai sunan dabba, layi da layi a yi gasa, za ka sha mamaki, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ma kaɗai ta isa ku yi rabin awa kuna tattauna ko adalci ne abin da ake yi wa kurar da ake yawo da ita a kasuwa da takunkumi. Kuma kar ka tsaya a 'yan boko. Almajirai sun fi kowa yawo a gari da bayan gari, su suke tsintar 'ya'yan tsuntsu da bushiya da kunkuru, ka nemi izinin alaramma ka je ranar Alhamis tunda ba karatu, ka tafi da abin taɓa baki. 'Yan mata da matan aure kuma sai ka samu mace a tawagarku, ita za ta shiga islamiyyar matan aure da cikin gidaje, in ba ku da mace toh rabin gari kun bar shi, kuma su ne fa suke gida lokacin da maciji ko mujiya za su shigo.

Maganar mujiya sai ka yi haƙuri, don tsoronta ya yi nisa a zukata, ba ka ji in an tsani mutum ana cewa an mayar da shi mujiya ba? Ana ganinta a silin za a ce mayya ce ko an turo ta, a taru da duwatsu. Kar ka ce musu camfi ne ko jahilci, da ka faɗi haka ka rufe kunnuwansu. Ka tambaye su ɓera yana damunsu? Kowa zai ce eh. Ka ce toh abincinta kenan, dare ɗaya tana iya kama fiye da ɗaya, in tana da 'ya'ya kuwa safara take ta yi har asuba, kuma a cikin ɓerayen nan akwai irin da ke kawo zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Mai shagon hatsi a Dawanau zai fahimci wannan lissafin kafin ka rufe baki. Maciji kuma ni ba na ce wa kowa ya so shi, ƙarya ne, abin da nake koyarwa shi ne a rage ciyawa da tarkace a bayan ɗaki, a toshe ramukan ɓera, a riƙa haska tocila da dare, in kuma ya sari mutum kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau, a hana shi yawan motsi a yi asibiti da shi nan take. A Kaltungo ta jihar Gombe har asibiti guda aka ware don saran maciji. In ka ba mutane abin da zai ceci ɗansu, gobe in ka dawo da zancen damo da kunkuru za su ba ka tabarma.

Na ambaci kunkuru, bari in ɗan tsaya a kansa. Gidaje da yawa a cikin gari ana ajiye shi, wasu don sha'awa wasu don an ce yana maganin wani abu, har a huda bayansa a zura igiya. Ƙoƙon bayan nan ba dutse ba ne, ƙashinsa ne, yana jin zafi. Yawancin masu yi ba mugunta ba ce rashin sani ne, in ka faɗa a hankali sai ka ji Hajiya ta ce wayyo Allah ban sani ba. Haka gauraka, da can ana ganinta a fadamu, yanzu ka fi ganinta a gidan masu hali an yanke mata fiffike.

Kai yara gidan zoo shi ma yana da yadda ake yi. Namu na Kano tun zamanin Audu Bako yake, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa ake kiransa da sunansa, kuma har titin wurin ma Zoo Road ake ce masa. Ka je kai kaɗai tukunna ka zaga, ka san me ke akwai yanzu, kar ka yi wa yara alkawarin dabbar da ba za su gani ba, ka gaisa da ma'aikata ku shirya rana da maganar tikiti. Ka zo da su da sassafe kafin rana ta yi zafi dabbobi su shige inuwa su kwanta, a watan Maris da Afrilu kuwa in ka kai sha ɗaya ka makara. Ka raba su kashi-kashi, babba ɗaya yara goma ko sha biyu, a ƙirga su wajen shiga a ƙirga wajen fita a ƙara ƙirgawa a cikin bas. Tun a mota za ka kafa doka: ba jifa, ba zungura da kara, ba miƙa wa biri biskit ko ledar fiyawata, ba zura hannu. Kuma ka roƙi mai ba dabbobin abinci ya yi musu magana ko minti biyar ne, mutumin da ya shekara yana wanke kejin zaki ya fi ka labari mai daɗi, kuma shi ma yana jin an san da shi. Lokacin sallah ba lokacin darasi ba ne, cunkoso ya yi yawa, amma ranar ce ta fi dacewa ku sa rigunanku ku tsaya bakin kejin birai da na kura kuna hana jifa da fara'a, kuna ɗan jefa magana ɗaya biyu. Kuma ka shirya, sai wani ya tambaye ka ina goggon birin da ya haɗiye miliyoyi, labarin nan da ya zaga duniya a 2019 har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Ka yi dariya tare da su ka wuce, ba kai ne kakakin kowa ba.

In kuna da hali ku fita da manyan ɗalibai bayan gari, akwai dajin Falgore a hanyar Jos wajen Tudun Wada da Doguwa, akwai fadamun Hadeja da Nguru inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai lokacin sanyi, amma kar ka ɗebi 'ya'yan mutane sai ka tambayi hukuma halin tsaro kuma iyaye sun sa hannu a takarda.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wurin waɗanda abincinsu ke jikin dabbar: mafarauta, masu shimfiɗar magani, dukawa masu aikin fatar mesa da damo da kada, gardawa masu wasa da kura. A nan ne sababbin shiga suke kwafsawa, su zo da kyamara da maganar doka. Eh dokar tana nan, akwai ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara, kuma ya kamata su san da ita, amma in da ita ka buɗe baki sun ɗauke ka ɗan leƙen asiri, gobe kayan za su koma ƙarƙashin tebur ne kawai ciniki ya ci gaba. Ka bi ta shugabanninsu, mafarauta suna da sarkin baka, mahauta suna da sarkin fawa, masu magani suna da ƙungiya. Zuwan farko da na biyu kar ka nemi komai, ka zauna ka sha hira, ka ajiye waya a aljihu. Tsohon maharbi ya san daji fiye da duk wani mai digiri a cikinmu, shi zai lissafa maka gwanki da kanki da ɓauna da barewa da inda suke a da, kuma in ka lura da baƙin ciki yake faɗa, don shi ya fara ganin dajin ya zama wayam. Ka tambaye shi a da akwai lokacin da ba a farauta? Akwai dabbar da ba a harbi, kamar mai ciki ko mai shayarwa? Zai ce akwai, yaran yanzu ne ba sa ji. Toh ka ga dokar ta fito daga bakinsa, ba daga takardarka ba. Masu magani kuma da yawansu za su gaya maka abin da ake nema a kan ungulu akwai itacen da ke madadinsa, ƙungiyar NCF mai rajin kare muhalli a Najeriya ta yi irin wannan zaman da masu maganin gargajiya a Arewa akan komawa ga tsirrai. Ba rana ɗaya ake gamawa ba, wani sai kun shekara kuna gaisawa kafin ya ce maka ya daina saye.

Manomi ma kar ka je masa da zancen tausayin tsuntsu alhali jan-baki sun cinye masa gero ko shinkafa, ka fara jajanta masa, ka nuna ka san bambancin mai ɓarna da mai taimako, shamuwa da balbela fara da ƙwari suke ci.

Rediyo kuwa kar ka raina ta, a Kano har gobe ita ce sarauniya, mai a daidaita sahu da tela da matar gida duk suna ji. In kun samu fili a Freedom ko Rediyon Kano ko Arewa ko wata tasha, ku nemi wanda ake buɗe layi, kuma ka tafi da maharbi ko malami, kar ka je kai kaɗai kana zuba kamar lakca. A WhatsApp saƙon murya na minti ɗaya ya fi dogon rubutu tafiya, a Facebook da TikTok kuma ɗan gajeren bidiyo da Hausa, amma kar ka saka fuskar yaran mutane ba izini, kuma kar ka ɗauki hoto kana rungume da ɗan biri ko ɗan kura, washegari za a cika ka da tambayar nawa ake sayarwa. Akwai ranakun da za ka iya rataya shiri a jikinsu, 3 ga Maris ranar namun daji ta duniya, 5 ga Yuni ta muhalli, Asabar ɗin farko ta Satumba ta ungulu, sun fi sauƙin samun fili a rediyo da makaranta. Masu taimako kuma ka nemi ɗaliban BUK da 'yan bautar ƙasa, suna da ranar aikin al'umma dama.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kuɗin zama. Da ka fara raba ambulan don mutane su zo taro ka kashe wurin, duk wanda ya zo bayanka ba ambulan ba mai kula shi, kai ma ranar da aljihu ya bushe haka. Ruwa da ɗan abin taɓawa ya isa, wanda ya bar sana'arsa ya yini yana taya ka aiki shi kam a biya shi haƙƙinsa. Kuma kar ka yi alkawarin rijiya ko aikin yi don a tafa maka.

Sannan ka riƙa komawa. Yawancinmu zuwa ɗaya muke, a yi hoto da ƙyallen sanarwa a rubuta rahoto an wayar da kan mutum 500, alhali ko sunan mai unguwar ba mu riƙe ba. Gara unguwa uku da za ka riƙa zagayawa duk wata da talatin da za ka leƙa sau ɗaya. Ni ma'aunina ba yawan kujeru ba ne, ina da wani tsohon littafi da nake rubuta duk kiran da aka yi mana: an ga mujiya a sito ba a kashe ba, yaro ya kawo bushiya, wani yana son ya ba da kunkurun gidansu. In kira yana ƙaruwa daga unguwa toh magana ta shiga.

Wannan ya kawo ni kan lambar waya. In har ka ba mutane lamba ka ce su kira, toh ta kasance a kunne da caji da kati, kuma ku yi shawara tun kafin ku raba ta wa zai je, da wane abin hawa, ina za a kai dabbar, wane likitan dabbobi ne zai duba ta. Mutum ya hana 'yan unguwa jifan mujiya ya kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, an yi masa dariya, ba zai sake ba har abada. In ba za ka iya isa da wuri ba ka gaya masa abin yi ta waya: ya kori yara daga wurin, in tsuntsu ne ya lulluɓe shi da tsumma ya kula da faratan, ya saka shi a kwali mai 'yan huji ya ajiye a inuwa inda ba hayaniya, kar a ɗura masa koko ko ruwa a baki. In ɗan tsuntsu ne da ya fara gashi kuma ba rauni a jikinsa a mayar da shi kan reshe kusa da inda aka tsince shi, uwar tana nan kusa tana kallo. In kuwa maciji ne ko biri ko wani abu mai cizo, kar kowa ya taɓa, a ja baya a rufe ƙofar a jira ku, kai kuma ka hau a daidaita sahu ko da kuɗin aljihunka ne, ka karɓi rasit daga baya ka yi rigimar a ofis.